Filin Manoma: Tambayoyinku kan rufe ƙasa da gonar da ta gaji

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, ƙasa ta gaji, taki yayi tsada, ruwa da iska suna kwashe gona, dan haka na tattaro su waje guda. Wasu na taƙaita su saboda fili amma ban canza maganar kowa ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a Bichi jihar Kano. Na ga wani bidiyo a YouTube manoman Amurka suna shuka wata ciyawa bayan girbi, ba dan su ci ba ba dan su sayar ba, kawai dan ta rufe ƙasa wai tana gyara gona har a rage taki. Nace da Babanmu mu ware ko rabin eka a gandu mu gwada yace shi bai taɓa ganin wanda ya shuka abin da ba za'a kai rumbu ba, yayyena kuma suka ce boko ne ke ɗibana. Dan Allah Malam waye ke da gaskiya tsakanina da Baba kuma ina zan samu irin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. A maganar ware rabin ekan nan Baba ya fi ka gaskiya, kuma ka bi shi a hankali domin shi ya san bakin da gonar nan take ciyarwa. Abin da ka gani a bidiyon ba ƙarya bane, sai dai ka san irin ƙasar da akayi shi. Su can in sun girbe masara ko waken suya ƙasarsu da danshinta take shiga sanyi, ga ruwa ga dusar ƙanƙara, sai su watsa wani hatsi dangin alkama ya tsiro ya rufe gonar har lokacin shuka ya zagayo su kashe shi su shuka a kai, kuma gonakinsu ba akuyar kowa ke shiga ba. Su ma wuya ce ta koya musu, a shekarun 1930 guguwar ƙura ta kwashe saman gonaki a jihohi irin su Okalahoma da Kansas mutane suka yi ta ƙaura, shine a 1935 gwamnatinsu ta kafa hukuma musamman ta kare ƙasar noma. Kuma duk da har kuɗi ake biyan manomi a can in yayi wannan shukar, ƙidayar gonakinsu ta 2022 ta nuna kusan eka miliyan 18 ne kawai ake yi wa, wajen kashi 5 cikin 100 na ƙasar nomansu kenan.

Mu kuma a wajajen Bichi in ruwa ya ɗauke ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba shikenan sai Mayu ko Yuni, wata bakwai zuwa takwas ba ɗigo, toh me zaka shuka bayan girbi ya tsiro? In kuma cikin damina zaka hana rabin eka hatsi ai tuwon gida ka rage.

Abin da nake so ka lura dashi, Baba ya daɗe yana rufe ƙasa, da waken nan mai yaɗo da yake sakawa tsakanin gero da dawa. Je ka tsaya a gonarku cikin Satumba bayan an yanke gero kaga yadda kanannado ke miƙewa ya rufe kwarin kunya ruf, ruwa in ya sauko ganye yake fara duka kafin ya zirara ƙasa a hankali, ciyawa bata samun rana, ƙasar ƙarƙashi da sanyinta. Tuge guda ɗaya ka duba saiwar zaka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle, fasa ɗaya da farce, in cikin ja-ja ne toh aiki yake, wasu ƙwayoyin halitta ne a ciki suna kamo naitirojin daga iska suna ba waken. Iskar nan da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, shi ɗin dai da kake biya da tsada a buhun yuriya mai kashi 46. Wato aikin da ciyawar Amurka take yi wakenmu yana yi, kuma ya bada wake ya bada harawa.

Inda gizo ke saƙar shine bayan kaka. A roro wake, a naɗe harawa kaf a ɗora kan bishiya ko a loda a mota a kai birni wajen masu kiwon ragunan layya, a kwashe kara na danga da na girki da na sayarwa, har tushiyar ma wasu tonewa suke dan wuta, sannan a saki dabbobi su lashe ɗan abin da ya rage, kafin Janairu gona ta koma fili fetal ba ko tsinke. Naitirojin ɗin da wake ya kamo yawancinsa a ganye da ƙwaya yake, in duka biyun sun tafi kasuwa gonar ɗan na saiwa kawai ta samu. Shi yasa raina ke ɓaci in naji ana cewa ai mun shuka wake bara ƙasa ta gyaru, alhali ba abin da aka bar mata. In harawar tumakin gida suka ci aka kwashe takinsu aka mayar gona toh wannan ba laifi, abin ya zagayo, kuma da haka ƙauyukan kewayen Kano suka yi shekara aru-aru suna noma gona ɗaya ba hutu bata mutu ba, jakuna su shiga birni da itace su fito da mangalar taki. Wani Bature masani mai suna Michael Mortimore ya daɗe yana nazarin wannan tsarin na ƙasar Kano tun shekarun 1960.

Toh ga abin da zaka kai wa Baba wanda bazai taɓa rumbunsa ba. Ka roƙe shi bana a gefe ɗaya na gonar a bar dami ɗaya cikin uku na kara, a kwantar dashi a gicciye da inda iska ke fitowa, tushiya kuma a barta a ƙasa kar a tone. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an gwada barin karan gero tan 2 a hekta an ga yashin da iska ke kwashewa ya ragu sosai, kuma karan yana tare ƙurar hunturu wadda ita kanta tana ɗauke da ɗan abincin ƙasa. Iskar da tafi ɓarna ma ba ta hunturun bace, ta gaban hadarin farkon damina ce mai zuwa da yashi ta ƙone ɗanyen gero ko ta binne shi a sake shuka. Zaka ce ai shanu zasu cinye, eh zasu ci karmami amma karan mai kauri yawanci suna barinsa kuma su bar maka kashi, iyayenmu har dami suke ba Fulani dan su zauna da shanu a gona su kwana biyu.

Sannan akwai tsarin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA reshen Kano suka yaɗa, layi 2 na dawa ko masara layi 4 na wake, waken yana samun rana sosai ya bada ƙwaya da harawa masu yawa, baɗi sai a juya inda wake ya zauna a sa hatsi. In kuna kiwo ku nemi wani wake mai yaɗo da ake kira lablab ku saka a bakin gona ko tsakanin dawa, yana jure fari yana daɗewa kore bayan wake ya bushe, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya sun daɗe suna aiki a kansa. Mutanen Yobe kuma suna da guna, a saka ta ƙarshen damina cikin gero ta yi ta yaɗo cikin rani tana rufe yashi a fasa a cire iri a sayar. Maganar iri ka fara da malamin gona na hukumar noma ta jihar Kano wato KNARDA na ƙaramar hukumarku, ko IITA ɗin Kano, ko cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru. Kuma kar ka je wa Baba da waya a hannu kana nuna masa Turawa, ka ce masa ya baka kunya goma kayi aikin da hannunka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomin masara ne a ƙasar Soba jihar Kaduna, shekara da shekaru masara nake bin masara a gona ɗaya, da buhu huɗu na kamfa ke isata yanzu ko na zuba shida sai ta yi ja ta tsaya, ga wuta-wuta ta cika gonar in ta yi fure kamar an shuka ta. Wani yace in nemi wani wake mai yaɗo wai mukuna, da na ga hotonsa sai naga ai karara ce. Malam karara fa, wadda muke gudu a daji? Haka ne ko wasa yake min?

AMSA: Alhaji ba wasa yake maka ba, dangi ɗaya ne da karara amma wadda ake shukawa ba ta da gashin nan mai ƙaiƙayi, dan haka kar ka je daji ka ɗebo irin waccan, nemo irin wajen ma'aikatan gona. Tana da ƙarfin yaɗo na ban mamaki, ta rufe gona ta danne ciyawa ta zubar da ganye mai yawa. A kudancin jamhuriyar Benin ta karɓu sosai a shekarun 1990 lokacin da shirin bunƙasa noma na Sasakawa ya yi ta raba irinta, kuma abin da ya ja manoman can gareta shine tana kashe tofa, wadda duk wanda ya taɓa fama da ita ya san garma bata gama da ita. Amma can damina biyu suke da ita a shekara, zasu iya ba mukuna ƙaramar su noma babbar. Ku a Soba damina ɗaya ce mai ruwa wajen milimita 1,000, zata yi amma sai dai a saka ta cikin masara bayan masarar tayi kamar sati shida, in ka saka da wuri zata hau ta ta kayar. Kuma ka sani ba'a cin ƙwayarta haka nan, akwai wani sinadari a ciki mai juya kai da tada zuciya sai an yi ta jiƙawa ana tafasawa ana zubar da ruwan, sannan busasshen ganyenta cikin rani ɗan tartsatsi ya ishe shi, masu farautar gafiya kuma basa tambayar gonar waye.

Ni in nine kai waken suya zan fara dashi, dan shi aljihunka zai gani tun bana. Raba gonar biyu, rabi masara rabi waken suya, baɗi ka juya. Dalili kuwa ita wuta-wuta irinta yana kwance a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira, baya tsirowa sai ya ji wani ruwa da saiwar masara ko dawa ko gero ke fitarwa, sai ya tsiro ya maƙale a saiwar ya yi ta tsotsa tun kafin ka ganta a sama, shi yasa masarar ke tsumburewa kana zuba taki ita ke sha. Saiwar waken suya ma tana fitar da irin wannan ruwan, irin wuta-wutar ya tsiro ya rasa inda zai kama ya mutu. Nau'in waken suya TGx 1448-2E an san shi da wannan aikin kuma baya saurin fashewa a gona. Auduga da gyaɗa ma suna taimakawa. Amma fa shekara ɗaya bata share gona, kuma duk wadda ta fito dole a tuge ta kafin ta zubar da iri a fitar da ita bakin gona a ƙone, domin tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, in ka barta ta yi furen nan mai kyau ka sake cika rumbunta. Shekarar masara kuma ka nemi iri mai jure mata kamar SAMMAZ 15.

Waken suya baya son yuriya mai yawa, takin supa yake so, kuma in ka samu hodar nan Nodumax da IITA ke yi ka cuɗa irin da ita a inuwa ka shuka a ranar, tana ƙara masa ƙulle-ƙullen saiwa. In anyi sussuka kar a ƙone ƙaiƙayin da karan, a mayar gona ko a ba dabbobi a mayar da takin. Wani abu kuma da ke cin mutane da yawa a yankinku, maganin feshin masara mai atirazin yana daɗewa a ƙasa kuma yana kashe dangin wake, dan haka duk inda kake niyyar saka wake ko mukuna cikin masara a daminar kar ka fesa shi a wurin. Ja da masarar ke yi ko ka zuba taki kuma tana iya zama alamar cewa ƙasar ta rasa ruɓaɓɓen abu a jikinta, takin zamani baya zama ruwa ke wucewa dashi, sai ka haɗa mata da kashin kaji ko takin shanu ko da rabin gonar ne duk shekara.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa, ni mace ce daga wani gari kusa da Tasawa cikin jahar Maraɗi, ɗiyana ne ya rubuta mini. Maigidana ya rasu ya bar mini yara da gona guda, rabinta ta zama fako ko hauya bata shiga, ruwa in ya zo bisa yake wucewa. Ba ni da kuɗin taki, awaki ukku gare ni. Mi zan yi ma wannan wurin ko in haƙura da shi?

AMSA: Allah ya jiƙan maigida ya raya abin da ya bari, Yaya kar ki haƙura da wurin nan, fako yana tashi, kuma maganinsa a ƙasarku aka fi ƙwarewa dashi. Tassa zaki yi. Cikin rani ki sa yaran su haƙa ramuka, faɗin kamar ɗani ɗaya da rabi zurfin ɗani guda, tsakanin rami da rami taku ɗaya, ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare yadda ruwa in ya gangaro zai faɗa ramin ya tsaya, layi na biyu kuma ramukan su faɗo a tsakanin na layin farko dan ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Kowane rami a zuba masa taki cikin hannu ɗaya ko biyu a ɗan rufa da ƙasa, in ruwa ya sauka sosai a shuka hatsi ko dawa a ciki. Takin awakin nan uku da sharar tsakar gida da toka in kika watsa a fili ba zasu je ko'ina ba, amma a rami-rami zasu kai ki nesa. Aikin akwai wuya ba zan ɓoye miki ba, hekta guda tana cin rami wajen 10,000, dan haka kar ki ce sai kin gama bana, ki yi abin da ƙarfinku ya kai baɗi a ƙara, ramin bana kuma zai yi miki shekara biyu ko uku.

Wannan dabarar wani manomi ɗan Burkina Faso mai suna Yacouba Sawadogo ne ya farfaɗo da ita a yankin Yatenga bayan farin shekarun 1970 da 1980, ya rasu a 2023 Allah ya jiƙansa. A 1989 aka kai wasu manoman Illela ta jahar Tawa can suka gani da idonsu suka dawo suka fara, har ta kai a wajajen Badagishiri mutane na sayen fako da kuɗinsu dan sun san zasu tada shi.

Inda baki samu haƙawa ba ki shimfiɗa masa kara da rassan sabara da duk wani tarkacen ganye ki danne da duwatsu. Gara zata zo, kuma a nan gara abokiyar aiki ce, tana cin karan tana huda ƙasar ta ƙasa, iska kuma tana tara yashi da 'ya'yan ciyawa a jikin rassan, damina ɗaya biyu zaki ga wurin ya fara laushi ciyawa ta fito.

Sai babban abin, itatuwa. Duk kututturen sabara ko kalgo ko magarya ko ɗan gawo da ke tohowa a gonar, in anzo sassabe kar a sare shi ƙasa a ƙone yadda aka saba, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari a sassabe sauran a ɗan yi musu aski ta ƙasa. Shine sassaben zamani, kuma a ƙasar Maraɗi ya faro wajen 1983 ta hannun wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo da manoman da suka yarda suka gwada lokacin ana yi musu dariya ana cewa gonarsu ƙazama ce. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 a Nijar sun farfaɗo ta haka, itace wajen miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram, wanda ya bi ta Matamaye da Magarya ya ga gawo ya san zancen. Shi gawo da damina yake zubar da ganye dan haka baya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki a gindinsa, da rani ya yi kore dabbobi su sha inuwa su bar kashi, 'ya'yansa kuma awakinki su ci. Sabara da kalgo suna tare yashi su baki itacen girki ba sai kin ƙone karan gona ba. Ki sanar da maigari da maƙwabtan gona cewa da gangan kika bar su, dan masu sara da dare sun fi shiga gonar da suke ganin ba namiji a kanta. In Allah ya hore miki ko tiya ɗaya ta kamfa, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya wato wajen giram 6 a kowane rami lokacin shuka ya wadatar, a ɗan gefe kar ya taɓa irin.

TAMBAYA: Malam mu a wajenmu in anyi sassabe tarawa muke mu cinna wuta kuma inda aka yi toyin shuka tafi kyau, ya zaka ce ƙonawa ba kyau? Daga wani mai karatu a Gumel.

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa wurin toyin yana kyau, domin tokar tana da fotash kuma abin da ka tattaro daga gona guda ka tara a wuri ɗaya ne, sauran gonar ka kwashe mata ka ba ɗan da'irar nan. Naitirojin ɗin ciki kuma ya bi hayaƙi, tokar ma rabi iska zata ɗauka kafin ruwa ya sauka. Ƙaya da wuta-wuta da karan da tsutsa ta cika ƙone su, sauran ganye da ciyawa jera su a kwarin kunya in anzo huɗa ƙasa ta hau kansu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe gonarmu ta gado a gangare take a bayan garin Kumo jihar Gombe, ruwan gonar maƙwabcinmu ta sama yana zubowa cikin tamu ya fara yanka kwari tun yana iya gwiwa yanzu ya kai ƙugu, mun zuba buhunan yashi ruwa ya tafi dasu. Mu shida ne magada kowa yana jiran wani ya fara.

AMSA: Ɗan'uwa wannan kwarin ba zai jira ku gama jiran juna ba, ƙasar Gombe yashi-yashi ce mai saurin zaizaya kuma kun ga yadda kwazazzabai suka ci unguwanni a cikin garin Gombe kanta. Buhunan sun tafi ne dan a tsakiyar kwarin kuka tare ruwan bayan ya riga ya yi ƙarfi. Daga sama ake farawa. Ku je ku samu maƙwabcin cikin mutunci, in da hali da mai unguwa, domin shima saman gonarsa ne ke tafiya, ku duba kunyoyinsa da naku, in sun bi gangare daga sama zuwa ƙasa toh kowace kunya ta zama lambatu, bana a huɗa su a gicciye kuma a riƙa ɗaure kwarin kunyar da 'yar ƙasa duk bayan taku uku ko huɗu ruwa ya tsaya ya nutse. A kan iyakarku ku dasa gamba ko jema layi guda a matse, tsakanin tushe da tushe kamar faɗin tafin hannu, farkon damina in ƙasa ta jiƙa, cikin shekara biyu zai haɗe ya riƙa tace ƙasa ruwa ya wuce a hankali, gambar kuma ku yanka kuyi zana. In akwai duwatsu ku jera su layi-layi a gicciye ku ɗan binne gindinsu. Cikin kwarin kuma ƙananan shinge da yawa ake yi tun daga kansa, turaku da rassa da duwatsu, kowanne kar ya wuce gwiwa, tsakiyarsa ya fi gefe ƙasa dan ruwa ya bi ta kai kar ya zagaye ya ci gaɓa, ƙasa in ta taru a bayansu a dasa gamba a kai. Bakin kwarin taku biyu kowane gefe a daina nomawa. In ya fi ƙarfinku ku haɗu da sauran masu gonakin wurin ku rubuta wa ofishin ACReSAL na jiha, shiri ne na bankin duniya na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja kuma gyaran irin wannan ƙasa yana cikin aikinsa, amma ku fara naku kafin amsa ta zo. Kai da ka rubuto ka fara ɗauko gambar, ka faɗa wa babban yayanku ranar da zaka fita.

TAMBAYA: Malam duk naji amma ni gonar haya nake nomawa a Funtuwa, shekarar da na zuba kashin kaji gona ta yi kyau mai ita ya karɓe abarsa ya ba wani da ƙarin kuɗi. Akan me zan gyara ƙasar wani?

AMSA: Wallahi an cuce ka ɗan'uwa kuma wannan halin yana cikin abin da ke kashe gonakin haya, kowa ya shiga tatsa yake ya fita. Masu bada haya su ji tsoron Allah, wanda ya gyara maka ƙasa a bar shi ya ci moriyar takinsa. Kai kuma nan gaba kar ka zuba takin gargajiya mai yawa sai kun yi magana ta shekara uku a gaban shaidu an rubuta, da kuɗin kowace shekara, da sharaɗin in ya karɓe kafin lokaci zai biya ka takinka, domin kashin kaji da na shanu amfaninsu yana kaiwa shekara ta biyu har ta uku. In mai gonar ya ƙi sai shekara-shekara toh kayi abin da zai biya ka cikin daminar, ka saka wake cikin masararka in ta fara bushewa ya rufe ƙasa ka samu ƙwaya da harawa, harawar ka yanka da lauje ka bar saiwar, takin zamani ka tona ka binne a gindin shuka kar ka watsa a sama rana da ruwa su raba. Bishiya kam ko gamba kar ka dasa a gonar haya sai da izinin mai ita a gaban shaidun nan, dan da yawa suna ɗaukar dashe a matsayin neman mallake gona kuma rigimar tana kaiwa har gaban alƙali.